Babi na Biyar: Kuskuren da Aka Yafe

A farkon shekarar 1908 Ƙungiyar Masu Motoci ta Masarautar Ingila ta shirya wani gwaji. Aka zaɓi sababbin motoci uku ƙirar Cadillac daga cikin waɗanda aka kawo Landan don sayarwa, aka kai su filin tseren Brooklands, aka kwance su ɗaiɗai har kowace ta koma gunduwa 721. Daga nan aka cakuɗa kayan wuri guda. Alƙalai suka tsame gunduwa 89 suka ajiye gefe, suka maye gurbinsu da wasu daga kantin kayan gyara, sannan suka ce wa makanikai su harhaɗa motoci uku daga wannan tarin. Sifana da sukundireba da guduma kawai aka yarje musu, babu zarto, babu goge wani abu don ya shiga. Motocin suka tashi, kowace ta yi tafiyar mil 500 a filin, kamfanin ya karɓi kofin Dewar.

Yawanci idan an ba da labarin nan sai a ce ai kayan duk daidai suke da juna. Wannan ba haka ba ne, kuma Henry Leland, mutumin da ya kafa tsarin aikin masana'antar, ya fi kowa sani. Da za a ɗauko fistin ukun a auna su da ma'auni mai kaifin gani, sai an sami bambanci. Abin da Leland ya iya shi ne tabbatar da cewa bambancin bai wuce wata iyaka da aka tsayar tun kafin a taɓa ƙarfe ba. Kowace gunduwa tana da awon da aka rubuta mata a takarda, tana kuma da rangwamen awo, wato ɗan kaucewar da aka yafe mata sama ko ƙasa. Duk wadda ta faɗa cikin iyakokin ta shiga, wadda ta fita kuwa a jefar.

An daɗe ana neman wannan kafin a samu. A 1785 wani maƙerin bindigogi na Faransa, Honoré Blanc, ya baje wa Thomas Jefferson, wanda a lokacin jakadan Amurka ne a Faris, kayan kunamar bindiga hamsin a warwatse, Jefferson ya tsinci gunduwoyi yadda ya ga dama ya harhaɗa wasu da hannunsa, suka zauna. Ya rubuta wa gwamnatinsa cike da ɗoki. A 1798 wani Ba'amurke, Eli Whitney, ya karɓi kwangilar bindigogi 10,000, a 1801 ya yi irin wannan nuni a gaban manyan ƙasa, amma bai gama aikin ba sai 1809, kuma da masana suka binciki bindigoginsa daga baya sai suka tarar kayan ɗaya ba sa shiga ɗaya. Wanda ya yi abin da gaske a Amurka shi ne John Hall a ma'aikatar Harpers Ferry cikin shekarun 1820, kuma ya yi shi ne da tarin ma'aunai da ake gwada kowace gunduwa a kansu. Whitney ne dai ya tafi da sunan a littattafan makaranta.

Hanya mafi sauƙi ta faɗin rangwame ita ce a ce kashi kaza cikin ɗari, kuma wurin da aka fi ganin haka a sarari shi ne teburin mai gyaran rediyo ko talabijin. Akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa masu ƙafa biyu ta waya, jikinsu zagaye da zobba masu launi, waɗanda ake kira rizista. Aikinsu rage ƙarfin wutar da ke bi ta cikinsu, ana kuma auna su da om. Ɗauki guda mai zobba huɗu: ja, ja, ruwan ƙasa, sai na ƙarshe ruwan gwal. Ukun farko suna cewa om 220 ne. Na huɗun shi ne alkawarin masana'anta: ruwan gwal yana nufin kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, ruwan azurfa kashi 10, ja kashi 2, ruwan ƙasa kashi 1. A tsofaffin kaya za ka ga wadda ba ta da zoben na huɗu sam, ita kashi 20 aka yafe mata.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Ka ninka awon takarda da kashin, ka raba da 100. Om 220 sau 5, 1,100 ke nan, a raba da 100 ya ba da 11. Ka cire 11 daga 220 ka sami iyakar ƙasa, 209. Ka ƙara 11 ka sami iyakar sama, 231. Duk rizistar da mita ta nuna tsakanin 209 da 231 lafiyayya ce, ko da mai gyara bai taɓa ganin wadda ta nuna 220 cif ba. Mai son taƙaitawa sai ya ninka 220 da 0.95 sannan da 1.05, amsar ɗaya ce. Da zoben azurfa ne, rangwamen ya zama 22, iyakokin su koma 198 da 242. A lura cewa idan an ce kashi 5 sama ko ƙasa, faɗin filin gaba ɗaya kashi 10 ne, daga 209 zuwa 231 akwai 22. Mai saye da mai sayarwa sukan yi musu a kan wannan kawai, ɗaya yana nufin rabin filin, ɗaya yana nufin dukansa.

Akwai kuma lissafin komawa baya, wanda mai duba kaya ya fi yi. Mita ta nuna 228, kashi nawa ta kauce? Ka cire 220 daga 228, saura 8, ka raba da 220, ka ninka da 100, ka sami kusan 3.6. Ta tsira. Tarkon da ke nan shi ne abin da za a raba da shi. Da awon takarda ake rabawa koyaushe, domin a kansa aka yi alkawari. Wanda ya raba da abin da mita ta nuna zai yi ta samun amsa mai kama da gaskiya har ranar da kaya suka zo bakin iyaka. A ce mita ta nuna 209.5. Bambancin 10.5 ne. In an raba da 220, kashi 4.77 ne, kaya sun yi. In an raba da 209.5, sai ya fito 5.01, a jefar da abu mai kyau. A ɗaya gefen kuma, 231.5 ta wuce iyaka da kashi 5.23, amma mai rabawa da 231.5 zai ga 4.97 ya buga mata hatimi. Kuskuren ɗan ƙarami ne, sai dai a daidai inda hukunci yake rataye yake faɗowa.

Duk wanda ya taɓa neman rizista a kasuwa ya san wata al'ada tasu mai ban mamaki. Akwai 10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68, 82, daga nan sai 100, 120, 150 a sake zagayowa. Me ya hana 20, 30, 40, 50 da suka fi daɗin faɗa? Rangwame ne ya tsara jerin. Waɗannan lambobi goma sha biyu, da ake kira E12, an yi su ne don kaya masu kashi 10. Iyakar saman 22 ita ce 24.2, iyakar ƙasan 27 kuma 24.3, ka ga inda ɗaya ta tsaya nan ɗaya ta ɗauka. Ta 47 tana kaiwa 51.7, ta 56 tana saukowa 50.4, sun ɗan hau juna. Tsakanin 12 da 15 akwai 'yar kafa, 13.2 zuwa 13.5, saboda an daidaita lambobin don kada su zo da ɗigo. Ma'anar ita ce kusan duk abin da injin ya fitar yana da gidan da zai shiga, kuma babu amfanin ƙera mai lamba 24 a wannan aji, tunda 22 da 27 sun riga sun rufe wurin. Idan aka matse rangwame zuwa kashi 5, sai a buƙaci lambobi 24 a kowane zagaye, shi ne E24. Wannan dabara ta jera girma ta hanyar ninkawa maimakon ƙarawa tana da tsohon tarihi. A shekarun 1870 wani injiniyan sojan Faransa, Charles Renard, ya tarar rundunar balan-balan tana ajiye igiyoyi masu kauri iri 425, ya tsara jerin da ya mayar da su 17.

Ba dole ne rangwame ya zama daidai a gefe biyu ba, kuma wani lokaci ana amfani da shi don warware abin da siyasa ta kasa. Birtaniya ta daɗe tana ba gidaje wuta mai ƙarfin bolt 240, yawancin ƙasashen Turai kuma 220. Da aka amince kowa ya koma 230, canza taransifoma na ƙasa guda ba ƙaramin kuɗi ba ne. Daga 1995 sai Birtaniya ta rubuta cewa wutarta 230 ce, da rangwamen kashi 10 sama da kashi 6 ƙasa. Lissafa ka gani: 230 sau 1.10 ya ba da 253, 230 sau 0.94 ya ba da 216.2. Tsohuwar 240 tana zaune a ciki hankali kwance. Ƙasashen 220 kuma suka ɗauki kashi 6 sama da kashi 10 ƙasa, wato 207 zuwa 243.8, tasu ma ta shiga. Aka haɗa kan nahiya a takarda alhali wutar da ke cikin waya ba ta motsa ba. Wasu za su kira wannan wayo, kuma wayon ne, amma ya yi aiki, domin ya tilasta wa masu ƙera firji da fanka su yi kayan da za su jure duk faɗin filin.

Inda lissafin kashi ya fi shafar aljihu da ran mutanenmu shi ne wajen rodin gini. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 4449, wadda injiniyoyi a Najeriya suka saba ambata a takardun aiki, ba ta ɗora rangwamen a kan kauri ba, tunda jikin rodi yana da ƙusoshi da tudu, ba ya aunuwa da kyau. A kan nauyi ta ɗora shi. Rodi mai milimita 12 ya kamata kowace mita ta yi nauyin kilo 0.888, kuma an yafe kashi 4.5 sama ko ƙasa ga duk rodin da ya wuce milimita 8. Sanda ɗaya mai tsawon mita 12 ke nan nauyinta kilo 10.66, iyakar ƙasa 10.18, iyakar sama 11.14. Tan ɗaya zai ba ka sanda 94 ko kusa da haka.

To, a ce an kawo maka rodin da ainihin kaurinsa milimita 11 ne, an kira shi 12. Da ido ba lalle ka gane ba. Mai saye da ya iya lissafi sama-sama zai ce 1 cikin 12 ai kashi 8 ne da ɗan wani abu, ba a mutu ba. Amma ƙarfin rodi yana bin faɗin fuskarsa ne idan an yanke shi, faɗin fuska kuwa kauri ne sau kauri. 11 sau 11 ya ba da 121, 12 sau 12 ya ba da 144, ka raba ka sami 0.84. Kashi 16 na ƙarfen babu shi, kusan ninki huɗu na abin da aka yafe. Sandar za ta yi nauyin kilo 8.95, kuma tan ɗaya zai ba da kusan sanda 112. A nan ne abin ya zama abin dariya mai ciwo: mai gini yana murna an ba shi sanda da yawa a tan, yana ganin ya yi ciniki, alhali yawan nan shi ne shaidar cewa an rage masa ƙarfe a kowane ginshiƙi. Sikeli da tef sun isa su tona wannan a bakin shago. A yanki mita ɗaya a ɗora, idan bai kai kilo 0.848 ba, ba rodi 12 ba ne, ko me aka rubuta a rasit.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce: idan ana ninka awo da awo, kashi-kashinsu haɗuwa suke yi. Farantin ƙarfe da tsawonsa ya gaza da kashi 2, faɗinsa ma ya gaza da kashi 2, fuskarsa ta gaza da kusan kashi 4. Tanki mai kusurwa huɗu da kowane gefe ya ragu da kashi 1, abin da zai ci ya ragu da kusan kashi 3. Saboda haka duk inda aka ce maka kashi kaza, tambayar farko ita ce kashi kaza na me, na kauri, na nauyi, ko na abin da yake ɗauka.

Sai dai ga wani abu da zai ba sabon ɗalibi mamaki. Idan ka buɗe zanen injin mota, ko na famfon ruwa, ko na injin niƙa, da wuya ka ga alamar kashi cikin ɗari kusa da awon sanda ko rami. Milimita za ka gani da ɗigo da sifili-sifili. Dalilin ya koma tun zamanin James Watt, mai injin tururi. Ɗaya daga cikin silindojin farko da aka yi masa, mai faɗin inci 18, ta karkace daga da'ira da kashi uku cikin takwas na inci a wuri mafi muni. A lissafin kashi wannan kusan 2 ne cikin ɗari kawai, rizista mai irin wannan kaucewar sai a yaba mata. Amma a silinda, kafa ce ta kusan santimita ɗaya da tururi ke tserewa ta ciki, har Watt ya riƙa cusa tsumma da takarda da tsohuwar hula don toshewa. Injinsa bai zama abin sayarwa ba sai da John Wilkinson, wanda ya yi rajistar injin huda igwa a 1774, ya juya dabararsa ga huda silinda. Matthew Boulton, abokin kasuwancin Watt, ya yi alfahari da cewa silinda mai inci 50 da Wilkinson ya huda musu ba ta kauce da kaurin tsohon sule ba.

Tururi, ko mai, ko iska, ba ruwansu da girman silinda. Kafar da ke tsakanin abu biyu suke gani, kafa kuwa ragowar cirewa ce, kuma cirewa ita ce inda lissafin kashi yake yaudara. A ce rami ne mai milimita 100, abin da zai shiga cikinsa 99, ana son kafar milimita 1. A ba kowannensu rangwamen rabin kashi ɗaya cikin ɗari, abin da kunne zai ji kamar tsanani ne. Ramin zai iya zama 99.5 zuwa 100.5, abin shigan kuma kusan 98.5 zuwa 99.5. Kafar ke nan tana iya zama sifili, tana iya zama milimita 2. Rabin kashi a kan kowace gunduwa ya zama kashi ɗari a kan abin da aka damu da shi.

Shi ya sa masu ƙera injuna suke da nasu tsari, ISO 286, wanda ke amfani da harafi da lamba. Babban harafi na rami ne, ƙarami na sanda. Harafin yana faɗin inda filin rangwame ya zauna, lambar tana faɗin faɗinsa. Ɗauki sanda mai milimita 25 da aka rubuta wa H7/g6. Ramin H7 yana tsakanin 25.000 da 25.021, ba a yarda ya gaza 25 ba ko kaɗan. Sandar g6 tana tsakanin 24.980 da 24.993. Ko da an haɗa rami mafi matsi da sanda mafi kauri, akwai kafar 0.007, in kuma an haɗa mafi faɗi da mafi siranta, 0.041. Sandar za ta juya ko ta zame, ba ta girgiza. Gashin kan mutum yana da kaurin kusan 0.07, ka ga duk kafar ba ta kai gashi ɗaya ba. Yanzu a bar ramin yadda yake, a canza sandar zuwa p6, wato 25.022 zuwa 25.035. Sandar ta fi ramin kauri koyaushe, sai an matsa ta da injin matsi ko an ɗumama ramin kafin ta shiga, in ta shiga kuma ta zauna ke nan. Tsakanin abin da ke juyawa da abin da ya kafe har abada, bambancin kusan 0.04 ne na milimita, ƙasa da kashi 0.2 cikin ɗari na kaurin sandar. Wanda ya rubuta "25, kashi 1 sama ko ƙasa" ya bar filin 24.75 zuwa 25.25, wanda ya haɗiye waɗannan duka biyun har da saura.

Wani abin lura a tsarin shi ne rangwame ba ya girma kafaɗa da kafaɗa da girman kaya. A aji na 7, milimita 5 tana da 0.012, milimita 25 tana da 0.021, milimita 200 tana da 0.046. Daga 25 zuwa 200 girma ya ninka sau takwas, rangwame kuwa sau biyu da ɗan kai kawai. In ka mayar da su kashi, 0.24 ne, da 0.084, da 0.023. Aji ɗaya, wahalar aiki kusan ɗaya, kashi uku mabambanta. Gogewar masana'antu ce ta nuna haka injuna suke kuskure, aka gina lissafin a kanta. Kashi ɗaya tilo da za a shimfiɗa a kan kowane girma zai matse ƙananan kaya fiye da kima, ya saki manya su yi yadda suka so.

Bakanike ya san wannan a aikace ko da bai taɓa jin sunan ISO ba. Boris mai lamba 6204 raminsa milimita 20 ne, kuma abin da aka yafe masa daga sifili ne zuwa 0.010 ƙasa, shi ya sa na kowane kamfanin kirki yake hawa sanda ɗaya. Idan karanshaf ya ci, aka kai shi aka goge, ana rage shi ne da mataki sananne, 0.25 ko 0.50 na milimita, waɗanda a kwalayen da ke bin inci ake rubutawa 010 da 020, sai a sayo kwanon da aka yi wa wannan matakin. A kan wuya mai milimita 50, 0.25 rabin kashi ɗaya ne kawai cikin ɗari. Amma kafar da man inji ke zama a ciki a ƙananan motoci ba ta wuce 'yan sassan ɗari na milimita ba, don haka wanda ya ɗaura kwano sitanda a kan karanshaf da aka goge zai ji ƙwanƙwasa tun kafin ya fita daga gareji.

Idan gunduwoyi da yawa suka jeru, kurakuransu ma jeruwa suke yi. Wasa goma, wato ƙananan zobban ƙarfe da ake sa wa noti, kowace mai kaurin milimita 2 da rangwamen 0.1, tsawonsu gaba ɗaya 20 ne, kuma a mafi munin hali kaucewar za ta kai milimita 1 cur. Injiniyoyi sun san da wuya duka goman su karkata gefe ɗaya, wata za ta ɗara, wata ta gaza, su cinye juna. Don haka akwai lissafi na biyu: a ninka kowane rangwame da kansa, a tara, a ɗauki saiwar jimlar. A nan 0.01 sau goma ya ba da 0.1, saiwarsa kusan 0.32. Bambancin 1 da 0.32 kuɗi ne mai yawa, domin kowane matsi da aka ƙara a takarda yana nufin ƙarin aiki: abin da injin gurza zai gama a zagaye ɗaya sai ya koma wurin dutsen gogewa, a ƙara lokacin awo, a ƙara yawan abin da ake zubarwa. Ni dai ina ganin matse rangwame inda babu buƙata alamar mai zane ne da bai fahimci injinsa ba, yana rufe rashin saninsa da kuɗin wani. Amma lissafi na biyun ma yana da sharaɗi. Yana aiki ne idan kurakuran ba su da alaƙa da juna. In duka wasan goma daga inji ɗaya suka fito a rana ɗaya, da baƙin yanka guda da ya fara dakushewa, to gefe ɗaya za su karkata, mafi munin halin nan shi ne zai zo.

Saura tambayar yadda za a san kaya sun faɗa cikin iyaka. A masana'antar da ke fitar da dubbai, ba a tsayawa karanta lamba. A 1905 William Taylor na birnin Leicester ya yi rajistar tsarin ma'auni mai kai biyu: kai ɗaya an yi shi a iyakar da dole ya shiga ramin, ɗaya kuma a iyakar da dole ya ƙi shiga. In na farko ya shiga na biyu ya ƙi, kaya sun yi. Ma'aikaci ba ya buƙatar sanin ko ramin 25.008 ne ko 25.015. Inda kuma ake karanta lamba, al'adar masu awo ita ce ma'auni ya iya rarrabe kashi ɗaya cikin goma na rangwamen da ake dubawa. Ma'auni mai baki biyu da ke karanta 0.02 ba shi da abin cewa a kan ramin da duk filinsa 0.021 ne, ko da mai riƙe da shi ya rantse.

Su kansu ma'aunan sai an gwada su da wani abu. Carl Edvard Johansson, mai duba makamai a ma'aikatar bindigogi ta Eskilstuna a Suwidin, shi ya fito da amsar a 1896: 'yan tubalan ƙarfe ɗari da 'yan kai, kowane da kaurinsa sananne, an goge fuskokinsu har idan an murza biyu sai su manne, a harhaɗa su a sami dubban awo daban-daban. Na farkon a gida ya goge su, da keken ɗinkin matarsa da ya mayar injin gogewa. A 1923 Henry Ford ya ɗauke shi aiki a Amurka. Johansson yana daidaita tubalansa ne a zafin digiri 20 na ma'aunin Salsiyos, kuma a 1931 hukumar awo ta duniya ta tsayar da wannan zafin a matsayin wanda duk awon tsawo na masana'antu yake nufi. Ƙa'idar farko a jerin ISO, mai lamba 1, a kan wannan take.

Wannan ya shafi duk mai aikin ƙarfe a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa. Baƙin ƙarfe yana miƙewa da kusan 0.012 na milimita a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, alminiyom kuma kusan ninki biyu na haka. Sandar nan mai milimita 25, a digiri 40 ta ƙaru da kusan 0.006, wato kusan rabin filin 0.013 da g6 ta bayar. Abin da ke ceton mai aiki shi ne ma'auninsa ma na baƙin ƙarfe ne, in sun daɗe a ɗaki ɗaya tare suke miƙewa, kuskuren ya share kansa. Ceton yana ƙarewa a wuri biyu. Na farko idan kayan alminiyom ne: fistin mai milimita 80 a digiri 40 ya ƙaru da kusan 0.037, ma'aunin ya ƙaru da rabin haka, ragowar 0.018 ta shiga cikin karatu kamar gaskiya ce. Na biyu idan an auna sanda tana saukowa daga kan inji da zafinta, ma'auni kuwa yana sanyi a aljihu ko a akwati. Za ta nuna ta cika, bayan awa ɗaya ta huce ta koma ƙasa da iyaka, boris ya riƙa yawo a kanta. Ƙwararrun masu gurza sukan bar ɗan ƙarfe kaɗan, su kashe inji, su ajiye sandar da ma'aunin wuri ɗaya har zafinsu ya daidaita, sannan su auna su yi yankan ƙarshe.